Tukuici ga Waɗanda Suka Cece Mana Furen Tumatir

 

Na ɗauki alƙalami ne a madadin 'yan ƙungiyarmu, matasa da muka yi karo-karo muka kafa rumfar raga ta noman tumatir da tattasai a ƙasar Kura, cikin yankin noman rani na Kadawa da ke shan ruwan madatsar Tiga. Bana Allah Ya kai mu ga ɗora kwanduna a mota, alhali a tsakiyar bazara mutane da dama da suka leƙa rumfar sun ce mu tuge komai mu huta. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici. Mutanen da suka tsaya mana mafi yawansu ba kuɗi suka ba mu ba, kuma ba su karɓi ko sisi a kan taimakon da suka yi mana ba. Ba zan kama sunan kowa ba, don na san ba za su so ba, amma duk wanda ya karanta zai gane kansa, kuma mai irin sana'armu zai iya tsintar abin da zai amfane shi.

Mai rumfar raga yana dashe ne a ƙurarren lokaci, don ya sami tumatir a watannin da na fili ya ƙare, farashi ya ɗaga. Wannan lissafi shi ke sa furen farko ya faɗo cikin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya fi tsanani, iska ta bushe, kuma manoman fili suka gama tsinka suka bar tsofaffin gonaki. Duk ƙwarin da suka ƙoshi a waɗancan gonaki sai su tashi neman ɗanyen ganye, ga shi kuma babu wani kore a kusa sai namu. Ragar da ke tare ƙwaro a waje, ita ce kuma ke killace shi idan ya riga ya shiga: ba ruwan sama da zai wanke shi, ba tsuntsu, ba sauran ƙwarin da ke cinsa. Fure kuwa ba ya jure wahala. Da zafi ya wuce digiri 35 da rana, ƙurar da ke sa shi ya kama ɗa takan lalace. Idan aka ƙara masa feshi mai ƙarfi da tsakar rana, sai ya yi rawaya daga wuya ya zube. Duk furen da ya faɗi kuwa, tumatir ne ya faɗi.

Godiyarmu ta farko ga dattijuwar da ke taya mu ɗaure reshe da cire tofo, wadda duk muke kira Iya. Ita ce ta fara lura cewa ganyen ƙasa a layin da ke fuskantar yamma ya yi ɗigo-ɗigon fari kamar an barbaɗa masa toka. Duk wanda ya gani daga nesa zai ce ƙishirwa ce ko ƙarancin taki. Iya ta ce da yaron da ke kula da ruwa, "Ɗan nan, ba ruwa ganyen nan yake nema ba. Juya bayansa ka gani." Da aka juya, sai ga wata siririyar yana tsakanin jijiyoyin ganyen, da wasu jajayen ɗigo masu motsi da ƙyar ido ke kama su. Iya ba ta taɓa zama a aji ba, amma ta shekara da shekaru tana tsinkar tumatir a gonakin Kadawa, hannunta ya san lafiyayyen ganye tun kafin ido ya duba. Tun daga ranar muka mai da juya ganye aikin kowace safiya. Iya, Allah Ya saka miki da alheri, Ya jiƙan mahaifa, Ya sa 'ya'ya da jikoki su ji ƙanki.

Sai Baba, tsohon malamin gona da ya yi ritaya, wanda ya hau babur ɗinsa ya zo cikin rana ba tare da ya nemi kuɗin mai ba. Yana sauka muka tare shi da tambayar da kowa ke yi: "Baba, wane magani za mu sayo?" Ya ce, "Yara, ku fara sanin wanda ya shigo muku gida tukuna. Shuka mai fure kamar mace mai juna biyu ce, ba kowane magani ake ɗirka mata ba." Ya zaro ɗan gilashin ƙara girma da farar takarda daga aljihu, ya riƙa kara takardar a ƙarƙashin ganye da fure yana ɗan bugawa da yatsa, abin da ya faɗo ya sa mu leƙa ɗaya bayan ɗaya. Kafin la'asar ya nuna mana cewa baƙi uku ne a rumfar, kowa da halinsa, kowa da abin da ke kashe shi.

Na farko shi ne ɗan jan gizon da Iya ta gano. Baba ya sa muka ƙirga ƙafafunsa a gilashi, takwas ne, don haka dangin gizo-gizo ne, ba dangin ƙuda ko fara ba. Wannan ne dalilin da ya sa yawancin magungunan ƙwari da aka saba da su, irin su saifametirin, ba sa yi masa komai, sai ma su kashe masu cinsa su bar masa fili. Yana son zafi da bushewa da ƙura. Idan zafi ya kai digiri 30, cikin kamar mako guda ƙwai ya zama babba mai yin nasa ƙwan. Na biyu farin ƙuda ne, ɗan mitsitsi da ke tashi fuu idan an girgiza reshe. Yana tsotse ruwan ganye ya bar darɓa mai danƙo wadda baƙin fumfuna ke hawa, amma babbar ɓarnarsa ita ce cutar da yake ɗaukowa daga wata shuka zuwa wata, wadda ke sa kan tumatir ya nannaɗe, ya yi rawaya, ya tsugune ya daina kama 'ya'ya. Wannan cuta ba ta da magani. Na uku kuwa ba sai an gabatar da shi ga manomin Kano ba: sharon, tsutsar da ke shiga tsakanin fatar ganye ta cinye cikinsa ta bar shi fari sol, daga nan ta huda ɗan tumatir ta ƙarƙashin hularsa.

Abin da Baba ya sa mu yi a ranar bai ci ko kwabo ba. Ya sa muka cire duk ganyen ƙasa da ya kamu, muka zuba a buhu tun a cikin rumfar, muka ɗaure baki, muka fitar muka binne da zurfi. Ya sa muka tuge tushen da kansu ya nannaɗe, duk da ciwon ran da hakan ya sa mu, don kowannensu rumbun cuta ne ga na kusa da shi. Ya ce a riƙa yayyafa ruwa a hanyoyin tsakanin layuka don ƙura ta kwanta, zafi ya ragu, a kuma wanke bayan ganyen ƙasa da ruwa zalla da sassafe ba tare da an jiƙa fure ba. Ya hana mai aiki ya fito daga layin da ya kamu ya shiga lafiyayye, don ɗan jan gizo ba ya da fiffike, a jikin riga da hannu yake yin hijira. Ya kuma tuna mana cewa ba duk zubar fure ce laifin ƙwaro ba. A cikin raga babu iska mai kaɗa fure, babu ƙudan zuma, don haka sai mutum ya bi layi da hantsi yana ɗan bubbuga igiyar da aka ɗaure shukar da ita, ƙurar furen ta zubo inda ake bukata kafin rana ta take. Baba, abin da ka koya mana a yini guda ya fi ƙarfin tukuicinmu. Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana, Ya sa ilimin nan ya zama sadaka mai gudana.

Muna kuma miƙa godiya ga Alhaji mai shagon maganin gona, wanda ya yi abin da ba kasafai ɗan kasuwa ke yi ba: ya ga kuɗi a hannun mai saye ya ce a mayar aljihu. An ba ɗaya daga cikinmu shawara a wata majalisa cewa ya haɗa magani kala uku a famfo ɗaya, ya ƙara da fiya-fiya, ya ninka awo, ya yi wa rumfar wanka. Da ya isa shagon da wannan jeri, Alhaji ya karanta ya ce, "Ƙanena, wannan haɗin furenka zai fara kashewa kafin ƙwaro, in ma bai kwantar da mai feshin ba. A rufaffen wuri za ka fesa fa." Sai ya sauko da kwalabe ya koya masa karatun takardar da ke manne a jikinsu. Ya nuna masa cewa sunan da aka rubuta da manyan haruffa na kasuwa ne kawai, ainihin sinadarin yana can ƙasa da ƙananan haruffa, kuma kamfanoni da yawa kan sa lambar rukuni a gefe. Abamektin da emamektin, alal misali, duk rukuni na 6 ne, wanda ya bar wannan ya koma wancan bai canza komai ba a wajen ƙwaro. Sifinosad na rukuni na 5 ne, su saifametirin na 3. Idan aka nace wa rukuni ɗaya, 'yan ƙalilan da suka tsira su ne za su hayayyafa, jikokinsu kuma su sha maganin su yi gyatsa. Ya nuna masa inda ake rubuta kwanakin da dole a jira tsakanin feshi da tsinka. Game da fiya-fiya kuwa, ya tuna masa cewa saboda ragowar sinadarin da ke cikinsa ne, wato daikulobos, Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Najeriya a 2015, ya ce abin da Bature ya ƙi ci bai kamata mu zuba wa 'ya'yanmu a miya ba. A ƙarshe ƙaramar kwalba ɗaya ta maganin jan gizo ya sayar mana, da ƙullin maganin tsutsa na Bt, wanda ake samu daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa, ba ya kashe komai sai tsutsar da ta ci shi. Ya ce a fesa da yamma bayan rana ta yi sanyi, a karkata bakin famfo zuwa bayan ganye, a kauce wa fure, mai feshi ya rufe hanci da hannu da ƙafa. Alhaji, Allah Ya yi wa kasuwa albarka, Ya musanya maka cinikin da ka bari da wanda ya fi shi.

Akwai kuma ƙanwar ɗaya daga cikinmu, ɗaliba mai karatun kare amfanin gona a jami'a, wadda ta sadaukar da hutunta a rumfarmu. Ita ta kawo mana wani ɗan roba mai ƙanshin macen malam-buɗe-littafin da ke haifar tsutsar sharon, wanda ake ratayawa a kan roba mai faɗi da aka cika da ruwa da ɗan garin sabulu. Mazan kan biyo ƙanshin da dare su faɗa ruwan. Ta ce a canza ɗan robar bayan mako huɗu zuwa shida, don ƙanshin kan gushe, musamman a zafi. Ta sa muka yanka tsofaffin jarkoki masu ruwan ɗorawa muka shafa musu giris muka rataya daidai kan shuka, domin farin ƙuda yana bin wannan launi. Sannan ta buɗe littafi, ta ce kowace safiya a ƙirga abin da tarko ya kama a rubuta, layi-layi. "Yaya," in ji ta, "tarkon nan ba zai ƙarar da su ba. Amfaninsa ya gaya muku ko suna ƙaruwa ko suna raguwa, kuma ta wace kusurwa suke shigowa." Haka kuwa aka yi. Littafin ne ya nuna cewa tarkon kusa da ƙofa da na kusurwar gabas sun fi cika, da aka bincika sai ga yagewa a ragar can sama inda ido ba ya kaiwa.

A bakinta muka ji tarihin abokin gabar namu. Sharon, wanda masana ke kira Tuta absoluta, ɗan asalin Kudancin Amurka ne. An fara ganinsa a Sifaniya a 2006, ya bazu a ƙasashen bakin Bahar Rum, ya tsallako Afirka, ya iso Najeriya a 2015. Abin da ya biyo baya a 2016 kowa a nan ya shaida: gonaki suka ƙone kamar an sa wuta a Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna, gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu, masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta tsaya saboda rashin abin sarrafawa. Mace ɗaya na iya yin ƙwai sama da 200, daga ƙwai zuwa sabon malam-buɗe-littafi kuma kamar wata guda ne, a zafi ma bai kai ba. Tunda tsutsar a cikin ganye take, maganin da ya tsaya a bayan ganye ba ya isa gare ta sai a ɗan lokacin da ta ƙyanƙyashe ko ta fito canza wuri. Ta kuma ba mu labarin Almeriya da ke kudancin Sifaniya, inda rumfunan leda suka rufe sama da hekta 30,000. Manoman can sun dogara ga feshi har ƙwari suka daina ji, sai a ƙarshen 2006 aka gano ragowar wani haramtaccen magani a tattasansu a Jamus, kasuwa ta juya musu baya. Daga 2007 suka koma sakin ƙwari masu cin ƙwari a cikin rumfunansu, yau kusan duk tattasan yankin haka ake nomansa. Mu a nan ba mu da shagon da za mu sayi irin waɗannan ƙwari, amma ta nuna mana waɗanda Allah Ya ba mu kyauta, irin ɗan ƙwaron nan mai jan baya da ɗigon baƙi, ta ce duk feshin da bai zama dole ba su yake fara kashewa. Allah Ya ba ki sa'ar karatu, Ya sa ki fi haka amfani ga al'umma.

Ba za mu manta da matan unguwa ba, waɗanda suka buɗe mana ajiyarsu ta 'ya'yan darbejiya, suka ɓare, suka daka a turmi. Gram 50 na dakakken ƙwallon a kowace lita ta ruwa ake jiƙawa ya kwana, a tace da ƙyalle mai laushi don kada ya toshe famfo, a ɗiga ɗan sabulu, a fesa a ranar. Ba ya kashe ƙwaro nan take, hana shi ci yake yi, ya kuma hana ƙananan girma, rana kuma tana karya ƙarfinsa cikin 'yan kwanaki, shi ya sa ake maimaitawa. Ko shi ma sai da muka gwada a 'yan tushe kaɗan muka ga bai ƙona ba kafin mu bi sauran. Wanda ya taɓa dakan darbejiya ya san ɗacin da ke kama hannu da turmi. Sun yi mana wannan aiki ne don zumunci. Haka tela da ya hau tsani ya ɗinke ragar, da mai walda da ya ƙera mana ƙofa ta biyu, ta yadda mai shiga zai rufe ta waje kafin ya buɗe ta ciki. Allah Ya biya ku.

Godiya ta musamman ga Mai unguwa da maƙwabtanmu na gona. Da muka kai masa kuka a kan tsofaffin gonakin tumatir da aka bari a tsaye, bai ce mu je mu ji da kanmu ba. Ya tara masu gonakin bayan sallar Juma'a ya yi musu magana, kuma mafi yawansu suka tuge karan suka ƙone, wasu ma suka taya mu nome gautan kaji da zaƙami da ke kewaye da rumfar, tunda dangin tumatir ne, ƙwarin kan fake a jikinsu. Babu wanda ya tilasta musu, amfanin kuma zai dawo musu a dashe mai zuwa. Ranka ya daɗe, Allah Ya ja zamaninka.

Akwai waɗanda ba mu taɓa haɗuwa da su ba amma mun ci moriyarsu: masu bincike a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da ma'aikatan NAERLS a Zariya masu kai sakamakon bincike ga manoma, da na cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT mai reshe a Bagauda, da masu shirye-shiryen noma a gidajen rediyo. Abin da Baba da ɗalibarmu suka kawo mana, daga irin waɗannan wurare ya samo tushe. Sai iyalanmu, da suka jure fitar asuba da dawowar bayan isha, da waɗanda suka ba mu rance suka ƙara mana wa'adi ba tare da sun ɗaga murya ba.

Ba mu fita ba tabo ba. Furen farko mafi yawansa ya zube, wasu tushen mun tuge su da hannunmu, kuma har ranar tsinkar ƙarshe tarkonmu bai daina kama sharon ba. Amma fure na sama ya kama, tumatir ya nuna, dillalan 'Yankaba sun saya, kuma mun kai wa iyalanmu daga cikinsa ba tare da fargabar abin da muka fesa ba. Mun biya bashi, jari bai karye ba.

Kirana ga 'yan uwa masu rumfar raga, da masu shirin kafawa: idan shuka ta fara fure kuka ga alamar ƙwaro, ku juya ganye ku duba, ku nemi wanda ya sani ya faɗa muku ko wane ne, kafin ku taɓa famfo. Ku gyara raga, ku rataya tarko, ku rubuta abin da kuka gani. Ga hukumomi kuma, muna roƙon a ɗauki sababbin malaman gona a tura su ƙauyuka, domin irin su Baba suna tsufa, kuma ba kowane manomi ne zai dace da mai shagon da zai ce masa ya mayar da kuɗinsa aljihu ba. Duk mai son ya ga yadda muka kafa tarkunan ko yadda ake haɗa ruwan darbejiya, ƙofar rumfarmu a buɗe take, kyauta muka samu, kyauta za mu bayar.